Takalmin Hannu

Shekara uku na yi a ƙasar Jamus
ina koyon yadda ake sa ruwa ya hau tudu.
Na dawo Auyo ana tsakiyar yankan shinkafa,
ba wanda ya tambaye ni zancen injin ban-ruwa,
sai dai, Ilu, yi mana yarensu mu ji.

Muna gindin tsamiyar Nomau mai shayi.
Na ce, da Turanci na tafi, ina taƙama da shi
kamar mai sabuwar riga ran kasuwa.
Makon farko na kai wa mai gidan hayata dabino,
na ce mata, ga Gift daga garinmu.
Tsohuwa ta ja da baya, ta dafe ƙirji.
Ashe abin da Bature ke kira kyauta
shi Bajamushe ke kira guba.

Nomau ya tsaya da kofi a sama,
shayi na zuba a ƙasa.

Na ce, in za su gode maka sai su ce danke.
Ran da ɗan sanda ya ce mini haka a tasha
na zaci danƙe ya ce,
na miƙa hannu biyu ina jiran ankwa.
Saniya kuwa, sunanta ku.
Jatau ya ce, mu?
Na ce, ku.
Ya ce, da kawunka a cikinmu fa, iya bakinka.

Safar hannu, Handschuh, wato takalmin hannu.
Kunkuru, Schildkröte, kwaɗo mai garkuwa.
Dorina dokin kogi ce a wajensu,
ko da yake ban ga wanda ya ɗaura mata sirdi ba.
Ƙibar da mutum ke yi in damuwa ta sa shi ci
ita ma an yanka mata rago:
Kummerspeck, kitsen baƙin ciki.
Barau ya shafa tumbinsa ya ce,
ashe ni abin tausayi ne, kuna ta mini dariya.

Na ce, fitilar lantarki ma ɗan itace suka mai da ita,
kamar ka ce gwanda mai haske.
Nan aka kwashe, har Jatau ya ƙware.

Goggo Tabawa ce kaɗai ba ta dara ba.
Tana gefe tana juya tarwaɗa a kasko,
ba ta ko ɗago ba ta ce,
kai me kake ce masa?
Na ce, ƙwai.
Ta ce, wace kazar ce ta saka shi?
Gidan sauro fa? Kai ke kwana a ciki,
mai gidan yana waje yana kuka.
Ɗan kunne, yaushe kunne ya yi naƙuda?
Mu ne masu shan iska, mu sha wahala, mu sha kashi,
har yau ƙishirwa ba ta sake mu ba.
Ka taka tudunka kana hango na wani.
Miƙo faranti.

Na miƙa.

Akwai guda da ban gaya musu ba.
Na koye ta ne a wani dare mai ƙanƙara,
ina ɗumama shinkafar da ba ta san manja ba,
tsohuwar nan ta leƙo, ta dube ni, ta ce Heimweh.
Ciwon gida.
Ban nemi fassara ba, jikina ya riga ni sani.

Tana da ƙanwa kuma, Fernweh, ciwon nesa.
Da na ji ta dariya na yi,
na ce wane mai hankali ne zai yi kewar inda ba nasa ba.

Daren jiya batir ya mutu, ƙwai ya lumshe.
Ina kwance a gidan sauro,
mai gidan na zagaye yana neman ƙofa,
sai na kama kaina ina tunanin
ko tsohuwa ta ci dabinon nan.